Wuta a cinyar mai wankin ƙoda

Yayana ya shekara 19 yana dako a kasuwar Mile 12. Duk wanda ya taɓa kwana a wajen ya san aikin: tirela ta iso daga Arewa kafin kiran assalatu, a jingina mata katako, mutum ya hau ya saɓo buhun albasa ya gangaro da shi a kan wannan siririn katako, ƙasa kuwa taɓo ne da ruɓaɓɓen tumatir. Ƙafa ita ce jarinsa. Da ita ya aurar da ƙannenmu mata biyu, da ita ya biya mini kuɗin makaranta, da ita ya ɗauko ni daga gida ya kawo ni Agege ya ce in koyi zaman Ikko. To wata bakwai da fara yi masa wankin ƙoda, wata ma'aikaciyar jinya ta yaye mayafin gado za ta duba kumburin sawunsa, idona ya sauka a kan cinyarsa. Cinyar da na sani kamar turmi ta koma taɓarya, fata tana reto a jikin ƙashi. Ya ga na gani. Ya ja mayafin ya rufe, ya ce, "Kai, je ka duba ko sun fito da sakamakon jinin nan." Kora ta kawai ya yi, don sakamakon yana hannuna.

A duk waɗannan watanni babu wanda ya yi mana maganar ƙafa. Maganar lamba ake yi: ina dattin jini ya kai, nawa jininsa ya sauka, kilo nawa na ruwa ya tara tun wankin da ya wuce, nawa za a biya yau. Ban ga laifin kowa ba, wanda gidansa ke cin wuta ba ya tsayawa gyaran danga. Amma bayan abin da na gani da idona, na tsaya a kan ra'ayi guda. Gashin tsoka da na'urar lantarki, wato sa tsoka ta yi motsi da 'yar wuta, ya cancanci gurbi a ɗakunan wankin ƙoda na Legas, kuma ya cancanci a faɗi gaskiyarsa da Hausa, ƙarara, domin a bakin masallatanmu da tashoshinmu ana tallar wata wutar da sunan tana wanke ƙoda, mutanenmu kuma suna saye da kuɗin da ya kamata su kai asibiti.

Yawancinmu mun ɗauka aikin ƙoda fitsari ne kawai. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan guda, su biyun suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a kwana ɗaya, su mayar wa jiki kusan duka, abin da ke fita bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Sai dai ƙodar ce kuma ke aika wa ɓargo saƙon ya ƙera jini, ita ke ƙarasa sarrafa bitamin D da ƙashi da tsoka ke buƙata, ita ke hana tsami taruwa a jini. Idan ta gaza, duk waɗannan suna zubewa tare. Jini ya yi ƙasa, mutum ya riƙa haki tsakanin ɗaki da tsakar gida. Tsamin da ya taru ya riƙa narkar da tsoka a hankali. Baki ya yi ɗaci, abinci ya fita daga rai, kuma ga dokar likita: rage gishiri, rage ruwa, bar wannan, bar wancan. Injin wankin ma yana tafiya da wani ɓangare na sinadaran gina jiki a kowane zama. Sai a ɗora da kwanciyar kanta, awa huɗu a kan gado, sau uku a mako ga wanda Allah ya hore wa, a dawo gida a galabaice a sake kwantawa har gobe. Tsokar da ba a mora ba zagwanyewa take yi. Rauni ya hana motsi, rashin motsi ya ƙara rauni, haka abin ke zagayawa har mutum ya wayi gari ana ɗaukarsa.

Ikko kuwa da ƙafa ake zamanta. Danfo ba ya gama tsayawa, kwandasta na dukan jikin mota, sai ka ɗaga ƙafa ka faɗa ciki. Gadar tsallaka titi ta Oshodi ko ta Ikeja Along matakala ce da mai lafiya ma yakan tsaya ya huta a tsakiya. Acaɓan da a da yake sauke marar lafiya a ƙofar asibiti an fara hana shi a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, har da Ikeja da Surulere. A gidajen hayarmu na ɗaki-ɗaki, banɗaki ɗaya ne a ƙarshen lungu, kuma na tsuguno. Ranar da Yaya ya tsuguna ya kasa miƙewa, matarsa ce ta kira ni a waya tana magana ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji. Na zo na tura ƙofar na ɗago shi. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba, har yau ba mu taɓa tayar da maganar ba. Daga ranar muka bar danfo, sai shatar mota zuwa da dawowa, ni kuma in rufe shago in raka shi. Daga ranar kuma ya koma salla a zaune. Malamai sun faɗa masa halal ne, ya sani, amma in aka tayar da iƙama mutane suka miƙe, sai ka ga ya sunkuyar da kai.

Wata mata ce daga sashen gashin ƙashi, Bayarabiya, ta zo duba wani marar lafiya daban, ta ga yadda nake ciccibo Yaya daga keken marasa lafiya zuwa gado. Ta tsaya. Da turancin Ikko ta tambaye shi, "Baba, yaushe rabonka da tashi daga kujera ba tare da an riƙe ka ba?" Ya yi shiru. Ta sa shi ya gwada, ya ɗago rabi ya koma. Ta je ta yi magana da likitan ƙoda, ya amince, mako na gaba ta dawo da wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannuna biyu ba, mai aiki da batir, da wayoyi da faci guda huɗu masu danƙo. Kafin ta taɓa shi sai da ta yi tambayoyi masu yawa, ni ina fassara. Ko an taɓa dasa masa wata na'ura a ƙirji? Ko yana da farfaɗiya? Ko ƙafa ɗaya ta taɓa kumbura ita kaɗai da zafi? Ta duba fatar cinyar kaf, ta manna faci biyu a kowace, ɗaya can sama, ɗaya kusa da gwiwa. Ta fara murɗawa kaɗan-kaɗan. Ya ce yana jin kamar kiyashi na tafiya. Ta ƙara. Sai ga ragowar naman cinyar nan ya ɗaure da kansa, ƙoƙon gwiwa ya ja sama, ya tsaya 'yan daƙiƙu, ya saki. Ya sake ɗaurewa, ya saki. Yaya ya zuba wa ƙafarsa ido kamar ta wani ce, ya ce, "Ikon Allah. Ashe da sauranta."

Babu sihiri a ciki. Jikin ɗan Adam da ma da lantarki yake aiki. In ka yi niyyar ɗaga ƙafa, ƙwaƙwalwa ce ke aika wani ɗan ƙaramin saƙon wuta ta jijiya, ya isa tsoka, ta ɗaure. Duk wanda ya tashi a bakin kogi ya san minjirya, kifin nan da in ka taɓa shi hannunka ke fizgewa ba da izininka ba. Wani likita ɗan Italiya, Luigi Galvani, ya wallafa bincikensa a 1791 bayan ya ga ƙafar mataccen kwaɗo tana harbawa in wuta ta taɓa jijiyarta. Na'urar gashin nan wannan saƙon take kwaikwayo, da 'yar wuta ƙanƙanuwa da aka auna, ta bi ta fata ta isa jijiyar da ke ƙarƙashin facin. Tsoka ba ta tambayar daga ina umarni ya zo, aikinta kawai take yi. Don haka mutumin da ba shi da numfashin hawa matakala uku yana iya samun rabin awa ko fiye na aikin cinya yana kwance, a cikin awa huɗun nan da da ma a kallon silin suke ƙarewa.

An gwada wannan a kan masu wankin ƙoda a ƙasashe irin su Brazil da Japan da Ingila. Gwaje-gwajen ƙanana ne, galibi mutum 'yan gomomi, na makonni ko 'yan watanni, kuma abin da suka fi nunawa shi ne ƙarfin cinya yana ƙaruwa, nisan da mutum ke iya takawa cikin minti shida yana ƙaruwa. Ba su nuna tana ƙara tsawon rai ba, ba su nuna tana farfaɗo da ƙoda ba. Wanda kuma yake da ƙarfin tafiya da ƙafarsa, ko murza ɗan keken da ake ɗaurawa a ƙarshen gado lokacin wanki, wannan ya fi masa, domin zuciya da huhu ma suna samun rabonsu. Wutar ta wanda ya riga ya faɗi ƙasa da haka ce, gada ce da ake ɗora masa ya tsallaka zuwa inda zai iya motsi da kansa. Matar nan ma haka ta ce, kuma tun mako na uku ta fara tilasta masa ya riƙa matse cinyar da kansa duk sanda wutar ta kama.

Wajen wata biyu, wata ranar Talata, na miƙa hannu zan ɗago shi daga benci, ya ture hannun. Ya dafa gwiwa ya miƙe. A wannan makon aka ɗebi jininsa, sakamako ya fito, lambobin ƙoda suna nan inda suke, ko gezau. Ina so mai karatu ya riƙe waɗannan abubuwa biyu tare, don a nan maganar take. Ƙafa ta samu. Ƙoda ba ta san ma an yi ba. Matatan ƙodar da suka mutu sun zama tabo, tabo kuwa ba ya komawa nama don an sa masa wuta. Wanda ciwonsa ya kai mataki na biyar, inda aikin tacewa ya faɗi ƙasa da 15 a ma'aunin likitoci har jiki ya kasa ɗauka, hanya biyu ce ke maye masa gurbin ƙoda, wanki ko dashe.

Wata Juma'a bayan an idar, a wata unguwa da ba sai na ambata ba, na tarar da taro a gindin wata mota mai lasifika. Robobi ne a jere, kowace da ruwa da gishiri da wani dunƙulen ƙarfe da aka jona da waya, mutane sun zauna a benci sun tsoma ƙafa. Kafin minti ashirin ruwan ya koma ja, ya koma kalar ƙasa, wani kumfa mai ƙyanƙyami ya taso. Mai tallar, Bahaushe ɗan'uwanmu, yana nunawa da sanda: "Alhaji, ka ga dattin ƙodarka da idonka. Wankin ƙoda ba allura, ba zubar da jini, ba dubu hamsin." Dattijon da ake nuna wa ya dubi ruwan ya girgiza kai, ya ce, "Duk wannan a jikina yake?" Ya zaro kuɗi.

Wani maƙwabcinmu ya sayi irin injin ya kai gida. Na roƙe shi mu kunna ba tare da kowa ya sa ƙafa ba. Muka zuba ruwa da gishiri, muka jona, muka zauna muna kallo. Ruwan ya yi ja, ya yi ƙasa-ƙasa, kumfa ya taso, daidai da na gindin mota. Tsatsa ce. Wuta in ta ratsa ƙarfe a cikin ruwan gishiri, ƙarfen ne ke ci, shi ke rina ruwan. Tafin ƙafa ba ƙofar fitar dattin jini ba ne. Haka wannan ƙarfen da ake ba mutum ya damƙa a hannu, kwamfuta ta zubo da jerin cututtuka cikin minti ɗaya, ba ya auna komai. Ƙoda da jini da fitsari ake auna ta a ɗakin gwaji.

Da a ce asarar ta tsaya a kuɗi, da da sauƙi. Akwai wani mai gadi da muke haɗuwa da shi a layin wanki, mutum mai fara'a, kullum da carbi. Ya ɓace mako biyu. Ashe an ce masa ya samu mai sauƙi. Ranar da aka dawo da shi, a zaune aka shigo da shi don ya kasa kwanciya, ruwa ya cika masa huhu, yana jan numfashi kamar wanda ake shaƙewa. Mai wankin ƙoda in ya tsallake zama, ruwa taruwa yake, gishirin fotasiyam kuma ya hau a jini, shi kuwa yana iya tsayar da zuciya ba sallama. An ceto shi a wannan karon. Ban zarge shi ba ko kaɗan. Mutumin da albashinsa na wata bai kai kuɗin wanki biyu ba, aka nuna masa datti a roba da idonsa, aka yi masa bayani da harshen uwarsa, alhali a asibiti da turanci ake masa magana ta saman kansa, me ake so ya zaɓa? Mai talla ya fi likita iya Hausa, wannan ita ce matsalarmu a Kurmi.

Shi ya sa nake ganin shirun da asibitoci suka yi a kan gashin lantarki yana da tsada. Mutane sun ji ƙishin-ƙishin cewa ana amfani da wuta ga masu ciwon ƙoda, kuma gaskiya ne ana yi. Da yake babu wanda ya zauna ya ce musu ga inda take aiki ga inda ta tsaya, sai 'yan kasuwa suka cike gurbin. Har 'yan ƙananan na'urorin tausa da yara ke bin motoci da su a gosulo, ga faci ga batir, an rubuta a kwalinsu jerin cututtukan da suke warkarwa. Wasu a cikinsu suna sa tsoka motsi da gaske. Amma ba kowa ne ya dace a sa wa ba. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, wutar tana iya rikita ta. Wanda jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa, matse tsokar na iya ɓalle gudan ya tafi huhu. Ba a mannawa a ƙirji ko a gaban wuya, ba a mannawa a kan rauni, ba a sa wa mace mai ciki a mara, ba a kusantar hannun da aka haɗa jijiyarsa domin wanki, wannan hannun shi ne igiyar ran mai shi. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta dushe ba ya jin zafi, fatarsa na iya lalacewa bai sani ba. Duk tambayoyin da matar nan ta yi kafin ta taɓa Yaya dalilinsu ke nan, kuma babu ɗaya da mai talla yake yi.

Akwai wata hanyar amfani da wutar da ta shafe mu musamman, wato rage ciwo. Ita ba ta kai ƙarfin ɗaure tsoka ba, jijiyoyin fata kawai take tsikara. Tushen tunanin ya fito ne daga masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, waɗanda a 1965 suka bayyana cewa saƙon taɓawa yana iya tare wa saƙon ciwo hanya a laka, dalilin da ya sa in ka buge gwiwa kake murza wajen. Wasu tana musu aiki na ɗan lokaci, wasu ba ta yi. Na kawo ta ne saboda abin da ke ɗaya gefen. Ɗan dako, mai tura baro, mai ruwa, mahauci a mayankar Oko-Oba, kowa ya san haɗin da ake karɓa a kemis da daddare, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙullin leda, a kora da shayi. A ciki sau da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen, su kuwa suna rage jinin da ke isa ƙoda. Yaya ya sha su shekaru, a kan hawan jinin da bai san yana da shi ba, don bai taɓa sa hannu a abin awo ba sai ranar da fuskarsa ta kumbura. Hawan jini da ciwon suga su ne manyan masu kashe ƙoda, mu kuma 'yan Afirka ta Yamma da yawanmu muna ɗauke da wani gado a ƙwayar halitta, APOL1, da masana suka gano alaƙarsa da ciwon ƙoda a 2010. Yana kare mutum daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma yana sa ƙoda saurin lalacewa. Mai ciwon ƙoda da baya ke damunsa, an hana shi ƙwayar da ya saba, in ba a ba shi wata mafita ba komawa kemis zai yi a ɓoye. Duk abin da zai rage masa ciwo ba tare da ya bi ta ƙoda ba ya isa a gwada masa a hannun masani.

Na san abin da za a ce, don an faɗa mini a fuska. Wani abokina ma'aikacin lafiya ya ce, "Malam, mutane ba su da kuɗin wankin kansa, kai kana maganar cinya. Ana ta kai wa ke ta kaya?" Maganarsa tana da nauyi. Wanki ɗaya a naira 50,000, sau uku a mako, ya kama 600,000 a wata, a jihar da mafi ƙarancin albashinta 85,000 ne, ɗan dako kuwa ko wannan ba shi da tabbacinsa. Ga allurar ƙarin jini, ga gwaji, ga mota. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage farashin zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da asibitin koyarwa na Idi-Araba da cibiyar lafiya ta tarayya da ke Ebute-Metta. Sauƙi ne babba ga wanda ya samu gado, amma ko a hakan wata ɗaya ya haura 140,000. Mutane da yawa sau ɗaya suke yi a mako, wasu sai jiki ya kumbura, wasu kuma a sa su a motar Arewa a ce a koma gida a ci gaba da addu'a, kowa ya san ma'anar wannan.

To amma lissafin abokina ya bar wani abu a waje. Ranar da ƙafar Yaya ta tafi, kuɗin jinyarsa ya ƙaru ba tare da asibiti ya ƙara ko kwabo ba. Shatar mota ta maye danfo. Shagona, wanda daga cikinsa kuɗin wankin ke fita, ya koma rufewa kwana uku a mako. Matarsa ta bar sayar da abincin da take yi. Ga faɗuwa: ƙashin mai ciwon ƙoda ba shi da ƙwari, in ya zame a banɗaki ƙugu ya karye, an shiga wata jinyar da ta fi ta farko. Na'urar kuwa sau ɗaya ake saye, batir take ci, ba ruwanta da ɗauke wuta ko man janareta, tana iya zagaya marasa lafiya da yawa a yini in kowa yana da facinsa. Ba ta buƙatar ƙarin zuwa asibiti, don mutumin yana nan kwance, awa huɗu. Abin da ke da tsada shi ne lokacin ma'aikacin gashi, shi ma ba a kowane zama ake buƙatar ya tsaya ba da zarar ya auna ya koya wa masu jinya. In aka kwatanta da kuɗin wanki na wata guda, wannan ba kaya ba ne, yana cikin abin da ke riƙe kan.

Kuma in akwai garin da bai da uzuri, Legas ce. A asibitin ƙashi na Igbobi aka fara koyar da aikin gashin ƙashi a ƙasar nan a 1945. A asibitin koyarwa na Idi-Araba aka buɗe ɗakin wankin ƙoda na farko a Najeriya a 1981. A asibitin St. Nicholas da ke tsibirin Legas aka yi dashen ƙoda na farko a 2000. Masanan suna nan, sassan biyu sau da yawa a harabar asibiti ɗaya suke, tafiyar minti biyar tsakaninsu. Abin da ya rage shi ne a mayar da shi ƙa'ida: duk wanda ya fara wanki a gwada tashinsa daga kujera da tafiyarsa, a rubuta a katinsa kamar yadda ake rubuta nauyinsa, a sake gwadawa bayan wata uku. Mai iya tafiya a ba shi tsarin tafiya, mai iya keke a ba shi keke, wanda ya gaza duka a kawo masa wuta. Bai kamata sa'ar mutum ta dogara ga ko wata mata mai tausayi ta biyo ta gefen gadonsa ba. NAFDAC kuma, da ke da alhakin rajistar na'urorin lafiya, ta san hanyar kasuwa, motocin nan masu lasifika ba a ɓoye suke ba.

Sauran aikin namu ne. Muna da sarakunan Hausawa a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, muna da ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan tumatir da 'yan shanu da 'yan canji, in gobara ta tashi ko rikici ya faru cikin kwana biyu ake tara abin mamaki. Ƙungiya ɗaya tana iya sayen na'urori 'yan kaɗan ta ba ɗakin wanki mafi kusa da ita, ta ɗauki nauyin yaro ɗaya mai jin turanci ya riƙa zama yana fassara wa marasa lafiyarmu. Abin awon jini a ajiye a ofishin kasuwa, duk ɗan dako ya sa hannu sau ɗaya a wata. Limamai kuma, da ake tallar nan a inuwar masallatansu, minti biyu bayan sallama sun isa a ce wa jama'a ruwan roba tsatsa ne, kada wanda ke wanki ya fasa zuwa. Na yi wa limaminmu maganar, ya saurare ni da kyau, ya ce in kawo masa likita ya yi bayani da bakinsa a gaban jama'a. Ina kan nema, mai jin Hausa nake so.

Yaya yana nan yana wanki, sau biyu a mako, abin da ƙarfinmu ya kai ke nan. Mun koma danfo, sai dai mukan jira wanda zai tsaya sosai, kuma gaba yake zama. A gadon da ke kusa da nasa akwai wani dattijo mutumin Gashuwa, garin da ciwon ƙoda ya daɗe yana yi wa ɓarna, ɗansa ne ke goyo shi daga bakin ƙofa. Makon jiya yaron ya daɗe yana kallon cinyar Yaya tana ɗaurewa tana saki, sannan ya matso ya rage murya ya ce, "Kawu, wannan abin yana gyara ƙodar ne?" Kafin in buɗe baki Yaya ya riga ni. Ya ce, "A'a, ɗana, ƙoda sai Allah sai injin nan. Wannan na ƙafa ne. In likita ya shigo ka ce masa a duba ƙafar Baba, in turancin ya gagare ka ga ƙanena nan."